Ramin da Isiyaku Ya Bari a Gindin Kufena

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Tanimu mai magani na Ƙofar Kuyambana, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: ɗan kawunmu Isiyaku ne ya cuce mu. Ya tone itaciyar da ke riƙe da hankalin gidanmu, tun daga saiwa har ganye, ya loda wa Bature a mota. Da na buɗe baki zan yi magana, dangi suka taru a kaina suka ce ba a fushi da abokin wasa. Na haɗiye. Bana abin ya ƙi haɗiyuwa.

Ni ba malami ba ne. Sunana Garba, gyaran keke nake yi a bakin ƙofa, karatun boko kuwa ban wuce elementare ba, ita ma ban ƙarasa ba. In kun ga rubutun ya karkace, ku miƙe shi da kanku.

Akwai ciwo a gidanmu wanda ba ma faɗinsa a waje, yau zan faɗa. In bazara ta kama, zafi ya yi zafi, sai barci ya ƙaurace wa mutum. Daga rashin barci sai surutu, daga surutu sai ya fara amsa kiran da ba wanda ya ji sai shi. Haka babanmu ya ƙare, a ɗakin baya, da mari a ƙafa. Marin yana nan har yau cikin wata tsohuwar tukunya a ɗakin shirgi. Ba mai son ganinsa, ba kuma wanda ya taɓa yarda a kai wa maƙeri. Kowa a gidan ya san dalili.

Yaya ya gaji ciwon tun yana saurayi. Abin da ya raba shi da mari, wani tsohon maharbi ne da ya ji tausayin innarmu, ya kama hannunsa ya kai shi bayan dutsen Kufena, cikin wani lungu tsakanin duwatsu inda ƙasa ba ta bushewa. Nan itaciyar take. Ba ta da wani tsawo, ganyenta na fitowa a kewaye da reshe, in ka karya shi sai farin ruwa kamar nono, 'ya'yanta ƙanana jajaye. Saiwarta ɗaci kamar ta tsinke harshe. Maharbin ya ce irinta sai can kurmi, ita ma bai san abin da ya kawo ta nan ba. Yaya bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Tsohuwa. In ya jiƙa saiwar ya sha, ya yi barci, ya tashi mutum kamar kowa. Ya yi aure, ya haihu, ya zauna a zaure yana ba da magani. Mutanen ƙauye sukan kawo nasu a ɗaure bisa jaki, ya ɗan tsam musu daga nasa, su koma suna tafiya da ƙafarsu.

Na sha bin sa ina riƙe masa gorar ruwa, don haka na san yadda yake yi. Da hantsi yake zuwa, ba ya yarda rana ta tsaya masa a wurin. In ya isa ya yi sallama, ya jira kaɗan kamar mai jiran amsa, ya yi bismillah. Ba ya sa ƙarfe, da tsinken itace yake tona, gefe ɗaya kawai. Ya yanki saiwa kamar tsawon yatsa biyu zuwa uku, ya mayar da ƙasar da hannunsa, ya danna, ya zuba ruwa, sa'an nan ya ce, "Na mayar." Wata shekara sai ɗaya gefen. Na san wasu malaman Limancin Kona za su karanta wannan su yamutsa fuska. Su yamutsa. Yaya bai taɓa roƙon itace komai ba. Cewa yake yi wurin da ba kai ka share ba, ba ka san mai shi ba, sallama kuwa ba ta rage kowa da komai.

Isiyaku shi ya yi makarantar Midil, shi ke sa wando da takalmin sau-ciki. Da yake shi ɗan namiji ne mu 'ya'yan mace, tun muna yara bayinsa yake kiranmu. Ya shigo gida ya ɗauke maka hula, ya cinye maka tuwo, dariya za a yi. Haka taubashi yake, ba a hana shi, ba a riƙe shi a zuci. To a shekarar da abin ya faru ya samu aikin tafinta wurin wani Bature da ya zo yana tattara saiwoyi da ɓawo, wai za a kai ƙasarsu a auna a ga abin da ke ciki. Wata ranar Jumma'a bayan an sauko, sai ga shi a zaure.

"Bawa, kana nan kana dafa wa mutane ciyawa?"

Yaya ya ce, "Ina nan, ranka ya daɗe. Ciyawar da ta warkar maka da basir."

Aka yi dariya. Isiyaku ya zauna a kan buzun Yaya, ya ce, "Tsohuwar nan taka da kake ɓoyewa, yau sai na gan ta. Bawa ba ya da dukiya, abin da ya mallaka na ubangijinsa ne."

Na dubi Yaya, na ga dariyarsa ta rage. Ya ce, "Gani kawai?"

"Gani kawai mana. Aurenta zan yi?"

Da wani ne, ko hakimi ne, Yaya zai ce ya manta hanya. Amma ɗan kawu ya roƙa cikin wasa a gaban mutane, in ka hana shi ka nuna wasan nan ƙarya ne, ka kuma kunyata innarka a gidan ubanta. Washegari ya kai shi.

Ba a yi mako ba wani manomi da ke da gona a gindin dutsen ya zo da gudu. Ya ce malam mai wando ya zo da leburori da diga. Da muka isa, ba Tsohuwa, ba alamarta. Rami ne mai zurfin da in mutum ya tsaya a ciki sai ƙirjinsa. Har ƙananan jijiyoyin sun bi sun tsince. Daga baya na ji cewa Baturen ɗan kaɗan ya nema, da ganye da fure. Isiyaku ne ya ga in ya kai duka za a san ya iya aiki. Ban tsaya ina zagin Bature ba. Baƙo ne, bai san ɗakin bayan gidanmu ba. Isiyaku ya sani. Yana yaro ya sha leƙa babanmu ta tagar ɗakin.

Ni ihu nake yi ina zage-zage a bakin ramin. Yaya kuwa ya durƙusa. Ya daɗe yana duban ciki, can ya ce, a hankali kamar mai jin kunya, "Bai mayar da ƙasa ba."

Na je na samu Isiyaku, na ce ya dawo mana da ko guntu ne. Ya ce kaya sun riga sun bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawa, ka yi murna, duniya ce za ta amfana." Na shaƙe shi, aka raba mu. Da yamma Kawu ya tara mu, ya ce abin da ya faru ya faru, taubashi ne, wanda ya riƙe taubashi a zuci ya yanke zumunta. Inna tana kuka tana cewa in yi haƙuri, ɗan ɗan'uwanta ne. Ba wanda ya tambayi Yaya abin da ya rage masa a jaka.

Abin da ya rage ya kai shi damina da sanyi. Da bazara ta shigo ya ƙare. Ya gwada saiwar sanya, ya gwada duk abin da ya sani, an yi rubutu an sha, barci ya ƙi zuwa. Bai yi duka ba, bai yi zagi ba. Kwando ya ɗauka. Kullum da safe ya fita Ƙofar Kuyambana, ya ɗebi ƙasa a bakin hanya, ya kai Kufena ya juye a ramin, ya dawo ya sake ɗiba. Mutumin da bai taɓa bari rana ta tsaya masa a wurin ba, yanzu a can azahar ke samunsa. In ka yi masa magana ya ce, "Ana jirana, ban mayar ba." Da na ga ƙafafunsa sun tsattsage, na shiga ɗakin shirgi na fito da marin Baba. Ya dube shi, ya dube ni, da hankalinsa sarai a wannan lokacin, ya ce, "Garba, ka bari in cika ramin tukuna. Kaɗan ya rage."

Ramin ko rabi bai yi ba. Ban san inda ƙasar take tafiya ba. Na ga kwandunan da idona.

Ranar da azahar ta wuce bai dawo ba, na bi sawu. Na same shi a zaune cikin ramin, ya jingina da bango, kwando a cinya, ido a buɗe yana duban inda rassan suke a da. Ba rauni, ba cizo. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa a jiƙe take sharkaf, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba a shekarar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu gari ya sake. Ana ta maganar mulkin kai, keke ya yi yawa har ba na iya gama aikin yini. A kasuwa akwai masu sayen saiwa buhu-buhu, suna aikawa can ƙasar Turawa, yaran ƙauye na tone duk abin da aka ce magani ne su bar ramuka kamar an yi yaƙi. A asibiti kuma an kawo wasu ƙwayoyi farare ƙanana na masu irin ciwonmu, an ce daga saiwar irin itaciyar nan ake yin su. Ko tamu na ciki, ko wata ce daga kurmi, ban sani ba, ba kuma wanda zai gaya mini. Gaskiya dai ita ce suna aiki. Na ga wanda aka kwance wa mari saboda su. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san shi, ba zai ƙi su ba. Zai sa ɗaya a harshe ya ji ɗacin, ya gyaɗa kai, ya yi murna an samu abin da zai isa kowa. Daga nan zai tambayi mai kwalbar, inda aka ɗebo an mayar da ƙasa? Wannan tambayar ce ban ji kowa yana yi ba.

Me ya rage nasa? Jakarsa ta fata, 'ya'yansa mata, da wata tsohuwa daga ƙauye da ke kawo mana damin dawa duk kaka don ɗanta da ya warke. Sai ramin. Damina shida ta bi ta kansa bai cike ba, ciyawa ba ta fito a ciki ba, awaki in sun zo sai su ratse. Manoman wurin sun ce da rana tsaka sukan ji kamar ana juye kwandon ƙasa. A da nakan ce surutun ƙauye ne. Bazarar bana barci ya fara yi mini gardama. Ran nan ina ɗaure sarƙar keke, rana a tsakiyar kai, na ji an ce "Garba" a bayana, da muryar da na sani, har da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na amsa kafin in waiga. Ba kowa sai bango. Ban gaya wa kowa ba, amma da na shiga ɗakin shirgi neman wani ƙarfe, na tarar an share tukunyar nan, an goge marin da man gyaɗa. Matata ce. Ban tambaye ta ba.

Ranar da muka yi wa Yaya sadakar bana, Isiyaku ya zo. Yanzu malamin asibiti ne, ya yi ƙiba, gashi ya fara fari. Ashe matata ta aika masa da labarin halin da nake ciki. Ya jira mutane suka ragu, ya zauna kusa da ni a zaure, ya ciro ƙaramar kwalba ya ajiye a tabarma. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Bawa, ga tsohuwarku na dawo muku da ita. Ɗaya da safe. Ka yafe mini, ƙuruciya ce."

Na ɗauki kwalbar na sa a aljihu. Na dube shi ido cikin ido na ce:

"Zan sha, Isiyaku. Ba don kai ba, don ba na so 'ya'yana su ji ƙarar ƙarfen nan a ɗakin baya kamar yadda muka ji. Amma kada ka ƙara ce mini bawa, wasa ya ƙare tsakaninmu tun ranar da ka shiga Kufena da diga. Yafiya kuwa ba a wurina take ba. Ga kwandon Yaya can a rataye, ɗauki. Ka je da rana tsaka, kai kaɗai, ka yi sallama, ka mayar da ƙasar da ka tona. In an amsa maka, sai ka roƙi gafarar a can."