Kwanon Inna Falmata

Har yau idan na ga ana awon hatsi, ranar da aka sa ni ƙwace kwanon Inna Falmata ce take faɗo mini a rai, kuma ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kun tarar da kwano mai hatimi a kowace rumfa, kamar da shi aka kafa kasuwa. To, a hannunmu aka fara shi, kuma mun sha zagi har mun gode Allah.

A lokacin ni ne jami'in da ke kula da kasuwar mako ta wani gari a arewacin Kano, ƙarƙashin sashen kasuwanni na ƙaramar hukuma. Sama da ni akwai shugaban sashe, Malam Habibu, mutum mai son tsari har ya yi yawa. Ko bironsa ka ara, sai ka mayar daidai inda ka ɗauka. A cikin kasuwa kuma akwai Sarkin Kasuwa, da shugaban ma'auna, wato masu sayar da hatsi da awo. Aikina raba rumfuna, kashe rigima, da tabbatar da cewa abin da ofis ya ce an bi shi.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Wasu ma'auna sun ƙware wajen buga gindin kwano ya shige ciki, ka ga an cika maka har da tozo, ka je gida tuwo ya kasa kai wa yara. Wasu kwano biyu suke ajiyewa, babba na saye a hannun manomi, ƙarami na sayarwa. Da koke ya yi yawa, hukuma ta fito da kwano guda, aka buga masa hatimi a baki, aka ce kowa da shi zai auna. Wanda aka kama da wani kwano, a ƙwace. In ya sake, a karɓe rumfarsa. Ni na yi murna da dokar, don mahaifiyata ta sha cutuwa a hannun masu gajeren kwano.

Inna Falmata dattijuwa ce, kakanninta daga Barno suka zo, amma Hausarta ta fi tawa kaifi. A ƙarshen layi take zama, gindin darbejiya, tana sayar da gero da wake na gonar 'ya'yanta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kullum “ɗan gwamnati” nake, kuma ba ranar kasuwar da za ta wuce ba ta tambaye ni ko gwamnati ta fara auna iskar da muke shaƙa ba.

Damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sai Alhaji Sabo shugaban ma'auna ya tare ni a bakin kasuwa.

“Malam Isa, dokar nan ta kowa ce ko ta wasu ce?”

Na ce ta kowa ce.

“To ga Falmata can tana awo da kwanon mijinta. Mu mun bi, ita ta ƙi. Mata sun yi mata layi, mu muna zaune muna korar ƙuda.”

Na buga wa Malam Habibu waya. Bai ja magana ba, ya ce in ƙwace.

Ƙa'idarmu ita ce, kafin a ƙwace kwano sai an gwada shi gaban shaidu. Na kira Sarkin Kasuwa da Alhaji Sabo, muka tsaya a kanta. Kwanon tsoho ne, ya yi baƙi, gindinsa ya ɓullo waje har ba ya zama sai a kan gammo. Na cika shi da gero, na juye a namu mai hatimi. Namu ya cika ya yi tozo, gero bai daina zuba ba, ya malala kan tabarma, abin da zai yi wa yara kunun safe. Ashe kwanon da aka aiko ni in kama ya fi na hukuma girma.

Na ɗauka Alhaji zai ji kunya. Ina! Cewa ya yi, “Ai na sani, shi ya sa na kawo ƙara. Ita daga gona take ɗebowa. Ni daga Zakirai nake saro nawa, ga mota, ga 'yan dako. In na yi irin awonta, wallahi gidana ba za a hura wuta ba.” Kuma gaskiya ya faɗa, ban iya ƙaryata shi ba.

Sai na ga kamar na samo mafita. Na durƙusa na ce, “Inna, abu mai sauƙi. Ki auna da namu, ki ɗebo gyara ki ƙara musu yadda kike so. Babu dokar da ta hana kyauta.”

Ta kama hannun rigata ta jawo ni kusa, ta rage murya don kada matan da ke layi su ji.

“Ɗan gwamnati, kai karatu ya cika maka kai. Dubi waccan mai shuɗin mayafi, mijinta ya rasu, yara ne da ita kamar 'yan tsaki. In na auna na ƙara mata, ta san sadaka na ba ta, sai ta durƙusa ta yi mini godiya gaban mutane, gobe kunya ta hana ta zuwa. Da wannan kuwa, kwano ta saya, kwano na ba ta, har ta yi mini tsiwa in tozon bai yi mata ba. Maigidana ne ya buga gindin nan da hannunsa wata shekara da aka yi yunwa, ya ce kada in taɓa faɗa wa mai saye.”

Na gane nufinta. Amma umarni umarni ne, na ce sai na kai shi ofis. Ta miƙo mini da kanta, ta fara ɗaure buhunta. Ta ce, “Tafi da shi. Amma ba zan auna da naku ba. In babu shi, ni da kasuwa sai dai labari.” Kasuwar da ta biyo, gindin darbejiya ya zauna wayam. Na ga mai shuɗin mayafi ta zo, ta tsaya jim, ta juya da ledarta a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai.

A ofis na faɗa wa Malam Habibu komai. Ya gwada kwanon da kansa, ya aje shi kan tebur, kwano ya tangaɗa ya kwanta ta gefe, har dariya ta kuɓuce masa. Sannan ya tuna mini abin da na manta.

“Isa, in muka ce babban kwano halal ne, gobe masu saye a hannun manoma za su zo da nasu, kowanne kamar baho. Ka tausaya wa bazawara, ka yanka manomi.”

Ya riƙe kwanon, ya kai maganar zaman kwamitin kasuwanni. Abin da aka fito da shi shi ne wanda kuke aiki da shi yanzu: kwanon sayarwa kada ya gaza na hukuma, kwanon saye kada ya wuce shi. Abin da mutum ya ga dama ya ƙara daga dukiyarsa, wannan ba ruwan ofis.

Malam Habibu da kansa ya zo ranar kasuwa, aka aika aka kira ta, ya buga wa tsohon kwanon hatimi gabanta. Ta juya shi, ta duba, ta ce, “To, gwamnati ta yi hankali yau.” Alhaji Sabo ya yi ta ƙunƙuni, har Sarkin Kasuwa ya tuna masa cewa buhunta kafin azahar yake ƙarewa, daga nan duk layin wurinsa yake komawa, kuma yayarsa ma a wurin Falmata take awo. Kowa ya yi dariya, har shi.

Abin da na koya shi ne, kasuwa ba ta zama ba doka, don mai gajeren kwano ba ya tuba da kansa. Amma wanda ya kawo maka ƙara da sunan doka, ka duba ko mai saye yake karewa ko rumfarsa. Kuma kafin ka hana mutum abin da ya saba, ka durƙusa ka tambaye shi dalili, a hankali, ba gaban jama'a ba.

Inna Falmata ta rasu, Allah ya jiƙanta, surukarta ce ke zama gindin darbejiya yanzu. Ni kuma na yi ritaya, fansho kun san yadda yake kaiwa tsakiyar wata. Makon jiya na je, ta ɗora kwanon kan gammo, ta cika, ta juye mini a buhu. Na ce tozon nan bai yi mini ba, ta ce haka ake yi wa kowa. Na saɓa kayana na tafi, ban ce na gode ba.