Karan Awon Ƙwauri

Ranar kasuwar Makarfi, a rumfar dukawa, ga wani dogon mutum tsugune da gajeren wando kaki, usur rataye a wuya, ɗan bajen sabuwar tutarmu a ƙirji. Ban san shi ba, amma da gani malamin wasanni ne na wata makarantar kwana. Rumfar da sanyi, shi kuwa gumi yake yi.

Yana jera guntayen karan dawa a gaban baduku, kowanne daidai tsawon ƙwaurin wani ɗalibi. So yake a ɗinka musu fata mai kauri ta ɗaurawa a ƙwauri, ta kare su daga shuri.

"Baba, manyan da ke tsare mini baya duk sun gama makaranta bara," in ji shi. "Wata mai zuwa za a fara gasar ƙwallo. 'Yan Zariya takalminsu mai ƙusa ne, nawa kuwa ba takalmi."

Badukun ya ɗaga mafi ƙanƙanta.

"Malam, wannan fa? Ƙanen wani ne?"

"Shi zai tsaya a tsakiya."

Ina jin shi da kansa ya je ya roƙi uban yaron. Da hannu biyu malamin ya karɓi karan, kada ya karye.