Ranar da Na Ba Dillalan Ofiyom Damar Kare Kansu

Shekarun baya, wata Talata da hantsi, muna zaune mu uku a ƙaramin ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon da nake aiki a Alƙahira: ni, abokina da muke haya tare a Giza, da shugabar sashenmu na Hausa. An buɗe sabon fili na zambon siyasa, mutum ɗaya za a ba. Ta ce kowa ya gwada a kan yadda Turawan Ingila suka tilasta wa Sinawa sayen ofiyom, ƙwayar nan mai sa maye, da bakin bindiga.

Na ɗauka filin nawa ne. Na riga abokina shiga aikin, ni na koya masa inda ake numfashi a tsakiyar jimla.

Ni na fara. Na kawo tarihin daki-daki, na yi wa Turawa shaguɓe mai tsabta. Sai tarbiyyar ɗakin labarai ta motsa, na ƙara da cewa, "A nasu ɓangaren, 'yan kasuwar Ingila sun musanta zargin." Har sakin layi guda na ba su.

Shugabar ta cire gilashinta. "Malam, zambo na ce. Mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakanka ne kake tsoron su kai mu ƙara? Yalla, na gaba."

Abokina ya gyara makirufo, ya shaƙe hanci ya zama Bature a shagon Basine mai shayi.

"Ina son shayinka. Me za ka saya a wurina?"

"Ba na buƙatar komai."

"To ga ofiyom."

"Zai kashe mini yara. Na zubar da shi a teku."

"Innalillahi! Ka ci zarafin 'yancin kasuwanci! Biya ni ƙwayata, biya ni harsashin da na harbe ka da shi, sannan miƙo tsibirin can in huta, faɗa da kai akwai gajiya."

Mai kula da na'ura a can bayan gilashi, wani Bamisre da ba ya jin Hausa, sai da ya kifa kai a tebur saboda muryar kawai. Ni ma dariyar ta taso mini, na haɗiye ta da ƙyar.

A metro, jirgin ƙasan cikin gari, abokina ya dafa ni. "Ma'alish, yi haƙuri, mutumina. Naka ya fi ilimi."

Wannan kalmar ta "ilimi" ta fi komai ƙona ni. Na ce masa tamam, ba komai, amma na yi kwanaki ba na cin girkinsa.

Har yau idan na ji ana maimaita "faɗa da kai akwai gajiya" a majalisar ɗalibai Hausawa na nan Alƙahira, nakan canza zance. Na yarda ya fi ni a wannan fage, amma yarda ba ta hana kishi.

Filin yana nan, yana zuwa bayan labaran duniya. Ni ke karanta labaran, kuma ni ke sanar da sunan abokina a matsayin mai filin.