Ɗigon Ƙarshen Suna

A ofishin nan kowa Malam Ɗigo yake ce masa, har mai shara. Teburinsa na can lungu kusa da taga, fanka tana ƙara a kansa kamar za ta faɗo, ga kofin shayi mai karyayyen hannu da ba ya yarda kowa ya taɓa. Shekara goma sha huɗu ke nan yana kula da yanki ɗaya a can cikin zuciyar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, inda ake miƙa sunan wata na'ura da ke nesa a dawo da lambar adireshinta. Aiki ne da ba a tunawa da mai yinsa sai ran da ya lalace. Shi ko a jikinsa, tunda sunansa ne a saman fayil ɗin da aka rubuta yankin a ciki, a matsayin mai kula.

Tun shekarar farko laƙabin ya bi shi. Wani lokaci akan aiko suna da ɗigo a ƙarshensa, sai manhajar ta rikice ta ce ba ta san shi ba. Mako uku ya kwashe kafin ya gano, ya ƙara wasu layukan umarni huɗu marasa fasali da suka magance abin. Bai rubuta bayani a kansu ba. Bayanin me? Ai yana nan.

Sai ga Dogo, an dawo da shi daga wani sashe. Sa'o'in juna ne, amma "Yaya" yake ce wa Malam, kullum baki har kunne. Shugaban sashe ya ba shi aikin sake tsara yankin, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa in gyaran ya yi kyau, Dogo ne zai riƙe fayil ɗin, Malam ya huta. Hutu! Wa ya ce musu ya gaji?

Cikin wata biyu Dogo ya mayar da layi dubu uku ɗari tara. Kuma wallahi aikin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Malam ya karanta, kishi ya turnuƙe shi har shayinsa ya huce. A gida kuwa ba shi da zance sai Dogo, har matarsa ta gaji ta ce, "Baban yara, wai wane ne Dogon nan da muke ci da shi muke sha da shi?"

Ƙa'idar wurin ita ce ba gyaran da zai shiga sai mai kula ya rubuta "na duba" ya sa sunansa. Malam na cikin dubawa ya ga layukan nan huɗu babu su. Dogo ya ɗauka shara ce ya kwashe. Malam ya ɗaga kai ya hango shi yana dariya da shugaba, ya yi ƙwafa, ya rubuta "na duba".

Kwana tara da shigar gyaran waya ta fara ruri. Masu amfani da manhajar sun kasa kaiwa ga ajiyar bayanansu. Aka kira taro, Malam ya shigo yana taku ɗai-ɗai, layukan huɗu a rubuce a takarda cikin aljihunsa.

Shugaba ya ce, "Wa ya duba wannan aikin?"

Sai a lokacin Malam ya farga. Kishi ya rufe masa ido, ya manta sunansa ne a ƙasa.

Dogo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, laifina ne. Yaya ya yi mini maganar ɗigon nan, ni ne na sha'afa."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma su biyun sun sani. Shugaba ya jinjina kai ya ce mutumin da ke amsa laifinsa a gaban jama'a, irinsa ake ba amana. Takardar ba ta fito daga aljihu ba.

Washegari Malam ya buɗe fayil ɗin. Sunan Dogo ne a sama. Can tsakiya ga layukansa huɗu an dawo da su yadda suke, da bayani a kansu: "Aikin Malam Ɗigo ne. Kada a taɓa sai an tambaye shi."

Ya daɗe yana kallo. Iya aiki an fi shi, wannan ya haɗiye. Sai ga shi hali ma an fi shi.

"Yaya, in zuba maka shayi?" in ji Dogo daga bayansa.

Malam ya miƙa masa kofin bai waiwaya ba.