Ƙwayoyi a Goran Iri

Maigidana manomi ne ɗan manomi, irin wanda ko soyayyar gyaɗa ka ba shi sai ya tona ko akwai wadda wuta ba ta taɓa ba, ya ajiye don baɗi. A lokacin muna zaune a wata unguwa bayan Gozaki, tun Katsina tana cikin Jihar Kaduna. Da damina yana noman dawa da masara da auduga, da rani kuma ya tafi Funtua ɗaukar kaya a inda ake gurzar auduga, ya dawo mana duk Asabar da furfurar da ba tasa ba.

Daga can ya dawo da tari. Ya ce burbushin auduga ne ya shige masa maƙoshi, zai fita da kansa. Na dafa citta da kanumfari, na ba shi zuma, na dandaƙa masa tafarnuwa har yara suka daina zama kusa da shi, amma tari ya ce bai san zance ba. Mutum yana ta ramewa, zariyar wandonsa tana ƙara tsawo, har ta kai yana zagaya ta sau biyu kafin ya ɗaure. Sai wata rana na ga jini a ƙyallen da yake ɓoyewa a aljihu. Irin wannan tarin ne ya ɗauke mahaifinsa, ni kuma ga 'ya'ya huɗu, ƙaramar tana goye. Ban nemi shawararsa ba, na tsayar da motar kasuwa na ce ya hau.

A babban asibiti aka ba shi ɗan gwangwani ya tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce tarin fuka ne, wanda 'yan boko suke ce wa tibi. Aka haɗa mu da takarda zuwa ƙaramin ɗakin magani na kusa da mu, wurin wani malamin asibiti gajere mai tumbi, wanda ba ya magana sai ya cire tabarau. Ya cire, ya ce allura kullum har wata biyu, ƙwaya kullum har wata goma sha takwas, ba fashi ko na rana ɗaya.

Maigidana ya ce, "To Malam, me za mu sayar? Akuya ko dawa?"

Malam ya ce, "Ba za ka sayar da komai ba, Maigida. Kyauta ne. Gwamnati ta ware kuɗi musamman don wannan tarin, wasu ƙasashe ma sun sa hannu."

Ni na ɗaga hannu na ce mun gode Allah. Shi kuwa sai ya karkata kai.

"Gwamnatin da take kawo taki?"

"Ita fa."

"To," in ji shi.

Shekara goma sha biyar ina aure da mutumin nan, amma ban ji abin da ke cikin wannan "to" ɗin ba. Laifina ne, na yarda.

Allura sittin ba wasa ba ce, musamman ga wanda ba shi da sauran tsoka a mazaunai. Yau dama, gobe hagu, jibi Malam ya tsaya yana neman wurin da bai taɓa sokewa ba. Na ɗaura masa matashin kai a sirdin keke, duk da haka a tsaye yake tuƙawa, mutanen gona suna ɗaga kai suna tambaya ko tsere aka sa. Ranar Lahadi a majami'a kowa ya zauna, shi yana tsaye a bakin taga tun daga waƙar farko har ƙarshen wa'azi. Wata tsohuwa ta kama hannuna a waje ta ce, "Kai, ciwon nan ya kawo mijinki kusa da Ubangiji, ko zama ba ya yi a gabansa." Na ce, "Haka ne, Iya," na cusa bakin zani a baki na wuce.

Magani kuwa ya yi aiki. Kafin kaka tari ya lafa, kumatu suka dawo, ya koma cin tuwo malmala biyu yana tambayar ƙanzo. Malam ya ce ya iya komawa ciyayya da maƙwabta a ƙofar gida, inda kowa ke fito da akushinsa da magariba. Wannan ya fi masa komai daɗi, domin wata da watanni yana ci shi kaɗai a gefe kamar wanda ya yi laifi. Duk farkon wata yana zuwa ya karɓo ƙwayoyinsa a ƙunshin takarda. Duk safiya ni nake ba shi da hannuna tare da koko, ya watsa a baki, ya kurɓa, har da yamutsa fuska ya ce, "Kai, ɗaci!" Na saki jiki, har a zumuntar mata na tashi na ba da shaida cewa mijina ya fi kowa bin dokar asibiti.

Da bazara ta zagayo sai na fara jin wani ɗan tari, ƙasa-ƙasa, a bayan rumbu. Idan na leƙa sai ya ce tsakuwa ya haɗiye a wake. Na ce wake nawa za ka haɗiye tsakuwarsa a mako ɗaya? Ya ce waken bana ne ba a tsince shi da kyau ba, wato laifin ma ya dawo kaina.

Ranar da aka yi ruwan shuka, shi ya riga mu zuwa gona da sungumi, ya manta goran iri. Wannan gora nasa ne, ba mai taɓa shi. A cikinsa yake adana zaɓaɓɓen irin masara, ya cakuɗa da toka don kada ƙwari su ci, ya toshe baki da tsumma, ya rataye can cikin rumbu. Na ce bari in yi abin kirki in kai masa. Na sauko da shi, na ji ya fi kullum nauyi. Na zazzage kaɗan a faifai don in bushe tokar, sai ga wasu abubuwa farare, masu faɗi, sun fi masarar yawa. Na ɗauki ɗaya na goge a zani. Ƙwayar maganinsa ce.

Ban san lokacin da na isa gona ba, ƙaramar tana tsalle a bayana, faifai a hannu. Na ajiye a gabansa na ce, "Baban yara, wace irin masara ce wannan? A wane layi za mu shuka ta?"

Ya dubi faifai, ya dubi sama ko hadari zai cece shi, ya ce, "Wa ya ce ki taɓa mini gora?"

"Au, gora ne ma abin magana? Tun yaushe?"

Tun bayan girbi, ashe. Idan na ba shi, sai ya kai hannu baki, ƙwayar kuwa tana maƙale tsakanin yatsu, daga nan ta wuce naɗin hularsa. Yau ya sha, gobe ya ajiye, daga baya ma ya koma sha ɗaya ajiye biyu. Yamutsa fuskar nan duk ta banza ce, ni ake yi wa wasan kwaikwayo. Na faɗa masa maganganu a gonar nan waɗanda ba zan rubuta ba, domin jikokina suna karatu. Maƙwabtan gona suka jingine sungumi suka tsaya kallo, ban damu ba.

Da na gaji na yi shiru, sai ya zauna a kan kunyar gona, ya cire hula. Ya ce, "Kin gama? To ji nawa. Bara waccan an kawo taki, bara an kawo rabi, bana kin ga ko buhu ɗaya? Kin ji rediyo yana cewa gwamnati za ta tsuke bakin aljihu. Kayan gwamnati haka suke, yau akwai, gobe a ce sai an aiko daga Kaduna. Ni na ji sauƙi. Amma yarinyar nan da ke bayanki ta yi tari kwana uku da kaka, ni na ji da kunnena. Idan ta ɗauka a wurina, muka je aka ce ya ƙare fa? Ina tsaye Baba ya mutu, ba mu da ko ƙwaya ɗaya da za mu ba shi. Ba zan sake tsayawa haka ba."

Na zo da faɗa cike da baki, sai na rasa inda zan sa shi. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na kuma ji tsoro fiye da ranar da na ga jini. Na ce, "To idan ka mutu wa zai nuna mana inda ka rataye goran?" Tari ne ya amsa masa.

Washegari muka ɗunguma gaba ɗaya zuwa ɗakin magani, da yara huɗu da gora. Malam ya zazzage goran a kan tebur, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Tokar fa ta mece ce?"

"Saboda ƙwari," in ji maigidana.

Malam ya juya mana baya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo kuwa fuskarsa ba wasa. Ya ce, "Maigida, idan ka yi noman fari ka bar maimai, me ciyawa take yi?" Maigidana ya ce tana dawowa har ta fi da. Malam ya ce to haka ciwon ya yi, yanzu sai a koma farko, har da allurai, kuma a roƙi Allah ciwon bai saba da maganin ba, domin idan ya saba, babu wani a ɗakin nan da ya fi wannan ƙarfi. Da aka ambaci allura maigidana ya kai hannu baya ya shafa.

Aka duba yara ɗaya bayan ɗaya, aka tura mu da ƙaramar babban asibiti. Lafiyarsu lau, tarin nata mura ce kawai. Waɗanda ba su da lambar rigakafi a kafaɗa aka yi musu. Amma maigidana bai gamsu ba. Ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, baɗi akwai maganin nan?"

Na zaci zai ce masa akwai, don a wuce wurin. Sai ya ce, "Ban sani ba. Ni ma aiko mini ake yi. Amma zo ka gani." Ya buɗe ɗakin ajiya, ya ɗauko wani ƙaramin kwali, ya zuba maganin wata goma sha takwas cif a gabanmu, ya rubuta lambar katin maigidana a jiki. Ya ce, "Wannan rumbunka ne. Ka ɗaure da igiyarka, ƙulli irin naka, a ɗora a sama. Duk wata kai za ka kwance, in ba ka, ka sake ɗaurewa. Ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai taɓa shi." Maigidana ya fita ya yanko igiyar rama a jikin kekensa, ya ɗaure kwalin kamar zai kai shi Legas a kan mota. Ƙwayoyin gora kuwa aka zuba su a masai, yana tsaye yana girgiza kai yana cewa asara.

Daga ranar na canza tsari. Duk safiya sai ya cire hula ya ba ni, ya buɗe tafin hannu biyu, ni da kaina in sa masa a harshe. Ya kurɓi koko, ya buɗe baki, ya ɗaga harshe, in leƙa lungu-lungu. Yana gunaguni wai a gaban 'ya'yansa ake yi masa binciken ɗan sanda. Na ce ai kai ka ɗauke ni aikin. Ƙaramar da ta fara wayo sai ta koma bin 'yan awaki tana buɗe musu baki tana cewa su ɗaga harshe. Tarin ya daɗe kafin ya sake lafawa, ya fi na farko taurin kai, kuma watanni da yawa ba na iya cin abinci sosai ranar da za a kai kaki gwaji.

A ƙarshen wata na goma sha takwas muka je jin sakamako, kwali ya zama wayam. Malam ya duba takarda, ya cire tabarau ya ce, "An sallame ka. Babu komai a ƙirjinka sai tabo." Maigidana ya yi godiya, ya fita kwance keke a gindin dalbejiya.

Ni kuwa na tsaya a ciki. Gobe da safe ba abin da zan sa masa a baki, ba abin da zan leƙa, sai in zauna ina saurare kawai. Na matsa kusa da tebur, na rage murya na ce, "Malam, don Allah, ko guda goma ce ka ba ni. Ba sha zai yi ba. In ajiye kawai, ko da wani abu."

Sai na ga Malam ƙofa yake kallo. Na juya, ga maigidana a tsaye, ya dawo ɗaukar hularsa da ya bari a kan benci.

"Uwar yara," in ji shi, "in kawo miki toka?"

Sai ya fashe da dariya, ya dafa ƙofa, ya sunkuya, hawaye na zuba, har masu jiran layi suka kama ba su san dalili ba. Ni ban yi dariya ba, ban kuma ji kunya ba. Na tsaya cik na kasa kunne, ina jiran tarin da zai biyo baya. Ya yi dariyarsa har ta ƙare, ya ja numfashi mai tsawo, ya share ido ya ce mu tafi rana na yi. Ko ƙyas bai yi ba.