Tokar da Ba a Sa Mata Hannu

Shekara shida ke nan da muka kai yayata Habi maƙabarta a nan Makka. A bana ne kuma na gane cewa ban san inda take kwance ba.

Waina take toyawa a bakin lungunmu na Utaibiyya. Alhazai 'yan gida in suka ji ƙanshin sai su tsaya kamar an kira sunansu. Mace ce mai faɗa, ni da nake ƙaninta har na yi furfura ban daina shan rankwashi ba. Amma abin da unguwa ta fi saninta da shi toka ne. Habi ba ta zubar da toka sai ta nutsa hannunta ciki har wuyan hannu ta juya. In ta ga wata ta watsar da ta murhunta a lungu, za ta bi ta har ɗaki da masifa.

Dalilin tun a hanya ne. Da muka baro gida a ƙasa, mun zauna Sudan muna tsinkar auduga don mu samu na jirgi. A zangon nan ne 'yarta Laure, tana tatata, ta faɗa cikin tokar da wata ta zubar bayan bukka. Sama fari fat, ƙasa garwashi. Ƙunar ta ruɓe, yarinyar ba ta ga Bahar Maliya ba. Habi ta iso Makka da ɗa ɗaya, Isa.

Isa ya tashi da ƙwaƙwalwa, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Ya kama aiki wurin masu wutar lantarki, daga nan aka ba shi gurbin karatu a Turai, inda ake gina tashoshin da ba sa cin itace ko mai, sai abin nan atom da ake haɗa bam da shi. Ya zo yana yi wa uwarsa bayani tana juya waina. Da ya rasa kalmar Hausa ta abin da tashar ke bari bayan ta ci, sai ya ce toka. Da wata kalmar ya samu, wataƙila da labarin ya sauya.

Ta ajiye cokali ta ce, "Kwana nawa take yi kafin ta huce?"

Ya ce, "Umma, ba kwana ba ne. Dubban shekaru. Amma ana rufe ta da siminti da darma, a binne can ƙarƙashin ƙasa, a sa alama, a sa masu gadi."

Ta ce, "To ban yarda ba, halas, magana ta ƙare. Ba da ɗana za a zubar da toka da wuta a ciki ba."

Ya lallashe ta, na lallashe ta, limamin lungu ma ya sa baki. Ta kafe. Isa ya tafi ba ta sa masa albarka ba, ranar ma ko fitowa ba ta yi ta raka shi mota ba. Na ga ciwon abin a jikin su biyun. Shekarar da ta biyo ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Tana kwance ƙarƙashin fankar da shi ya ɗaura mata, ta ce da ni, "In ya dawo ka kawo min shi inda nake, ka faɗa masa a gabana na yafe." Na ce to.

Yanzu kusan kullum rediyo sai ya kawo maganar. Wata ƙasa tana zuba gangunan sharar nan a teku, wasu mutane sun fito sun ce kada a gina musu tasha a bayan gari, masana suna ta ba da tabbacin cewa komai na ƙarƙashin kulawa. Ina ɗinkin hulata ina saurare, ina jin muryar Habi tana tsaki. Ban ce tana da gaskiya duka ba. Ita ma ta sha iskar fanka, kuma asibitin da ya sassauta mata numfashi da wutar yake aiki. Isa kuwa ba maƙaryaci ba ne, ya yi imani da simintinsa. Ni mai allura ban isa in raba musu gardama ba.

Bayan aikin hajjin bana ya dawo, da gemu, da mata, da 'yar da ya sa wa suna Laure. Na kai shi maƙabarta in sauke alkawari. A Makka ba a rubuta suna a kabari, kowa ya sani, amma ni na riƙe wani tsagaggen dutse kusa da katanga a matsayin shaida. Muka tarar an gyara katangar, an baje wurin, duwatsun duk sun zama iri ɗaya. Na je nan, na dawo can, rana na dukanmu. Mai gadin ya ce, "Ya hajji, ma'alesh, ka yi haƙuri, ai duk wurin ɗaya ne, ku yi addu'a kawai."

Haka na tsaya a tsakiyar fili na faɗa wa Isa saƙon uwarsa, ban san ko a gabanta nake ba ko a bayanta. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa gani ga babban mutum ba. A hanyar gida, sai da muka kusa lungu ya ce, "Kawu, shekara shida kawai, har alama ta ɓace." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Habi ba ta bar gida ba, ba ta bar dutse ba. Tandarta ma wata maƙwabciya ce ke toyi da ita. Amma a lungunmu har yau matan da ba su taɓa jin sunan atom ba suna nutsa hannu a toka kafin su zubar, suna cewa Habi ta hana. Isa zai koma bakin aikinsa wata mai zuwa. Jiya na gan shi a tsakar gida, matarsa ta ɗauko kaskon gawayi za ta juye, ya karɓa, ya kawar da Laure gefe, ya naɗe hannun riga. Allah ya jiƙan Habi, ya sanyaya mata makwanci, duk inda yake.