Mutumin da ke Riƙe da Jaki

Tsohuwar da ke zaune a ƙasan benenmu, a gabashin birnin Greensboro na Amurka, 'yar Meziko ce. Mama nake ce mata. Turancina kame-kame ne, nata ma ya fi nawa rauni, amma ranar da bidiyonta ya lalace ta hawo da kaset naɗe cikin tawul, na gane abin da take so.

Fim ɗin ƙasarsu ne, baƙi da fari, na zamanin da ta ce masu fim kan shiga ƙauye su kwashi manoma su cika fage da su. An daɗe da daina irinsa. Da aka nuno wata kasuwa sai ta fizge rimot ta tsayar da hoton. Can gefe, bayan jarumin, ga wani siririn mutum riƙe da jaki. Mahaifinta ne. Ya rasu tana ƙarama, kuma ba shi da hoto a duniya sai wannan.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai in ji takunta a matakala.

Ni kuwa a shagon hayar kaset na yayana na tashi a Maraɗi, na san yadda kaset ke mutuwa. Inda ake yawan tsayarwa, nan yake fara cinyewa. Ranar da na ga wani farin layi ya ratsa ƙafafun jakin, sai na yi mata magana.

"Mama, ki daina tsayar da shi. Kawo in kai shago a juye miki a faifai."

"Zai kwana a can?"

"Kwana biyu kawai."

Ta ƙanƙame tawul ɗinta, kai ka ce ɗanta na ce ta ba ni. Haba! Na yi faɗa, na yi lallashi, har 'yarta sai da na kira daga gidan da take aiki a unguwar Irving Park. Ina! Taurin kai irin na tsohuwar nan ban taɓa gani ba.

Layin ya yi ta hawa yana faɗaɗa. Ya ci jakin, ya ci hannun, ya kai wuya. Wallahi na koma tsoron jin takunta, kuma ba na iya rufe mata ƙofa.

Wata Laraba ta tsayar da shi kamar kullum. Ba kowa a wurin, sai fari-fari yana rawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ke ma kin gan shi. Gaya mini, yana da gashin baki?"

Ni duk watannin nan layin nake kallo, ba fuskarsa ba.